Raɗin sunan reshe a Git: abin da muka gwada

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ku shida ne a aikin, kowa yana buɗe reshe (layin aiki na daban) a Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki, da sunan da ya ga dama, wannan "gyara", wancan "test2", wani kuma sunansa da kwanan wata, yanzu kana neman manhajar da za ta riƙa raɗa wa rassan suna da kanta. Mun sha wannan fama a wurin aikina, bari in ba ka labari.

Kafin ka sauke komai, ku zauna ku tsayar da siffar sunan. Manhaja ba ta yanke wannan shawarar, abin da kuka yarda da shi za ta maimaita. Mu mun tsaya a kan abu uku: irin aikin, lambar tikiti (wato rubutaccen bayanin aikin da za a yi), sai gajeren bayani, misali gyara/214-shafin-shiga. Lambar ce gishirin. Bayan wata shida ba wanda zai tuna dalilin buɗe reshe, amma lambar za ta kai ka ga tikitin da duk muhawarar da aka yi a kansa.

Mun fara da git-flow, tsarin da Vincent Driessen ya wallafa a 2010. Kana buga git flow feature start da suna, ya buɗe maka reshe ƙarƙashin feature/, haka ma release/ da hotfix/. Gaban sunan kawai yake gyarawa, bayan kuma kowa ya ci gaba da barkwancinsa. Ga shi ya ɗora mana reshen develop da ba mu buƙata. Shi kansa Driessen ya ƙara bayani a 2020 cewa masu manhajar intanet da ke sakin aiki a kai a kai su duba tsari mai sauƙi irin GitHub flow. Muka ajiye shi.

Abin da ya fi mana sauƙi shi ne barin tikitin ya haifi reshen. A GitHub, shafin ajiye ayyukan Git, umarnin gh issue develop 214 --checkout zai buɗe reshe mai ɗauke da lamba da taken tikitin, ya haɗa su, ya sauke ka a kansa. GitLab, wani shafin irinsa, shi ma yana da maɓallin hakan a jikin tikiti, kuma a saitunan aikin kana iya tsara siffar sunan. In Jira, manhajar bin diddigin tikiti, kuke amfani da shi, ku bar lambar tikitin da manyan baƙaƙe yadda take, domin da ita yake gane reshen.

Ga waɗanda ba sa son barin tamina (tagar buga umarni) kuwa, na rubuta ɗan alias, wato gajeren umarni na kaina, na sa masa suna git sabo. Ka ba shi iri, lamba da take, ya mayar da komai ƙananan baƙaƙe, ya sa ɗan layi a gurbin sarari, ya sare abin da ya wuce baƙi 50, sannan ya kira git switch -c ya buɗe reshen. A nan ne na ci karo da abin da babu wanda ya gargaɗe ni a kai. Muna rubuta taken tikiti da Hausa, ni kuma na ce wa alias ɗin ya share duk abin da ba a zuwa z ko lamba ba. Tikitin "Ƙara kuɗin rajista" sai ya fito ara-kuin-rajista. Abokin aikina ya tambaye ni wa za mu ara wa kuɗin. Git bai hana baƙaƙe masu lanƙwasa ba, amma ba kowa ke da su a madanninsa ba, don haka na sa sed, umarnin sauya rubutu, ya fara mayar da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, manya da ƙanana, zuwa k, d, b da y kafin sharar. In da Hausa kuke rubutu, wannan layin ka fara sawa.

Kada ka wahalar da kanka wajen haddace haramtattun alamomi. Git yana da git check-ref-format --branch, shi zai ƙi sarari, ɗigo biyu a jere, alamar tambaya, ko suna mai ƙarewa da .lock. Abu biyu ne ba zai kare ka daga gare su ba. In akwai reshe mai suna gyara zalla, ba za a iya buɗe gyara/214 ba, tunda Git yana ɗaukar abin da ke gaban alamar / kamar jakar fayiloli. Sannan Windows da macOS ba sa bambanta Gyara da gyara a yadda suka zo, Linux kuwa yana bambantawa. Mun ɓata rabin yini muna neman reshen da ke kan saba (kwamfutar da ke riƙe da aikin kowa) amma ya ƙi sauka daidai a kwamfutar mutum ɗaya, ashe babban baƙi ɗaya ne.

Duk waɗannan taimako ne, ba tilas ba. Za a ce maka ka sa hook na pre-push, wato ɗan shirin da Git ke gudanarwa kafin a tura aiki saba, kuma yana da amfani, sai dai abin da ke cikin .git/hooks ba ya bin clone, wato kwafin aikin da kowa ke saukewa, dole ka yi amfani da saitin core.hooksPath ko manhajar Husky, kuma mai gaggawa yana tsallake shi da --no-verify. Shingen gaskiya a saba yake. GitLab yana da push rules a tsarinsa na kuɗi, inda za ka sa regex, wato ƙa'idar siffar da suna zai bi. A GitHub mu ɗan aikin Actions, tsarin da ke gudanar da bincike da kansa, muka rubuta, yana duba github.head_ref, wato sunan reshen da ake son haɗewa, in sunan bai dace ba ya hana haɗewa, ya kuma nuna wa mutum git branch -m da misalin sunan da ake so. Wannan saƙon ya rage gunaguni sosai.

Ka tuna da rassan da ba mutum ne ke buɗe su ba. Ranar da muka kunna dokar, duk sabuntawar Dependabot, shirin da ke sabunta manhajojin da aikinka ya dogara da su, ta maƙale, domin rassansa da dependabot/ suke farawa. Ka ware masa hanya a regex ɗin tun farko, shi da renovate/ in kuna amfani da Renovate, takwaransa.