Akunmu ya ƙi magana, an ce a yanka masa linzami

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mazauniyar Tudun Wada ce a Kaduna. Wata bakwai ke nan da maigidana ya sayo wa yara ƙaramin aku kore, irin ɗan Ostireliya da ake kira bajarigar. Har yau sai tsuwa da surutai da asuba da magariba, bai faɗi ko kalma ɗaya ba. Maƙwabciyata ta ce linzami gare shi, a kai shi wurin wanzami a yanka, a riƙa ba shi barkono. Hankalina bai kwanta ba, domin yara sun shaƙu da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki bari kowa ya kai aska bakin tsuntsun nan. Surutan da yake yi safe da yamma alama ce ta ƙoshin lafiya, domin haka danginsa suke kiran juna a daji. Tsuntsun da ya kamata ya tayar miki da hankali shi ne wanda ya yi shiru kwatsam.

Maganar linzami ta daɗe tana ƙona mini rai. Mutane sun ɗauki abin da suke faɗa game da yaron da bai fara magana da wuri ba, sun ɗora wa halittar da ba ta da igiyoyin murya irin namu ko kaɗan. Sautin aku yana fitowa ne daga wata 'yar gaɓa can cikin ƙirji, daidai inda bututun numfashi ya rabu biyu zuwa huhu, wadda masana ke kira sirinks, kuma askar wanzami ba ta da hanyar isa wurin. Harshe kuwa da shi yake gyara sautin bayan ya fito, da shi yake juya ƙwayar gero a baki ya ɓare ta, da shi yake shan ruwa. Wanda ya yanke shi ya lalata ainihin abin da ake fata ya gyara kalmar, ya kuma hana tsuntsu cin abinci.

Ki duba lissafin jini. Bajarigar nauyinsa gram 30 zuwa 40 ne, jinin jikinsa duka bai wuce mililita 3 zuwa 4 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. 'Yan ɗigon da mutum ba zai ma kula da su a yatsansa ba sun isa su jefa shi cikin haɗari. An taɓa kawo mini wata tsirya a cikin kwalin sabulu, gashin ƙirjinta ya daskare da jini, ta kumbura jiki ta lafe a kusurwa, kwana biyu ba ta ci komai ba, yaron da ya rungumo kwalin yana kuka. Ba ta kai washegari ba. Wanda ya yanka mata linzamin ya karɓi kuɗinsa ya ce ajali ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, idan wani tsuntsu ya tsira da kyar, daga baya ya kwaikwayi kalma ɗaya da dama zai kwaikwaya, sai labari ya bazu a unguwa cewa yanka ya yi aiki, a ɗauko na gaba. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, kuma wanda ya kulle tsuntsu a keji amana ya ɗauka.

Barkono ba ya buɗe baki, tsuntsaye ba sa ma jin yajinsa.

Gaskiyar da mai sayarwa bai faɗa muku ba ita ce, ba kowane aku ne yake magana ba. Bajarigar yana iyawa, har akwai wani mai suna Puck a Amurka da kundin Guinness ya rubuta masa kalmomi 1,728, amma da yawa suna rayuwa har su mutu ba su faɗi ko ɗaya ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Ki duba fatar da ke saman bakinsa, inda kafofin hanci suke. Idan shuɗiya ce namiji ne, kuma maza sun fi koyo, idan kuma ruwan ƙasa ce ko fari-fari, mace ce. Muryarsa siririya ce mai sauri, ba irin ta babban aku mai jan wutsiya ba, saboda haka ku kasa kunne cikin surutan nan, wataƙila ya fara ba ku gane ba.

Ki zaɓi yaro ɗaya da ya fi sabawa da shi, ya zauna kusa da kejin minti goma safe da yamma, an kashe talabijin, yana maimaita kalma ɗaya gajeriya kamar "sannu" a duk lokacin da ya miƙa masa zangarniyar gero. Kada a kora shi da sanda, kada a girgiza kejin. Ki nisantar da shi daga turaren wuta, maganin sauro da hayaƙin gawayi, ki kare kejin daga ƙurar hunturu, kada kuma a ba shi gyaɗar da ta yi fumfuna. Idan kika ji muryarsa ta dushe, ko kika ga yana numfashi da baki buɗe wutsiyarsa tana sama da ƙasa, ki kai shi asibitin dabbobi a ranar, kada ki jira gari ya waye.