Amsa: Tafiyar ƙafa daga Greyton zuwa McGregor da wurin kwana a kan dutse

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko za ka iya tasowa daga Cape Town ka bi hanyar ƙafa ta Boesmanskloof, wadda ke tsakanin garuruwan Greyton da McGregor a Afirka ta Kudu, ka dawo a rana guda, da kuma ko mota tana ratsa dutsen. Mota dai ba ta ratsawa, kada taswirar waya ta ruɗe ka. Tun ƙarni na 19 ake yunƙurin fasa hanya ta cikin duwatsun Riviersonderend don a haɗa garuruwan biyu, kuɗi ya yi ta yankewa, ƙarshe a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka watsar da aikin. Idan ka fito daga McGregor za ka yi kamar kilomita 14 kana hawa, sai hanya ta ƙare a wani wuri da ake kira Die Galg. Nan za ka ga saran da ma'aikata suka yi a jikin dutse suka bari. Mai mota kuwa sai ya yi doguwar kewaya.

Tafiyar kanta wajen kilomita 14 ce zuwa kawai. A takarda ba ta da yawa, amma ƙafa ce za ta ba ka labari. Daga Greyton hawa ne tun farko, babu inuwar kirki, don ciyayin wurin, fynbos, gajeru ne. Can gaba ka gangara kwazazzabo ka isa magangarar ruwa ta Oakes. Ruwan ja ne kamar shayi, ba datti ba ne, tsirrai ne ke rina shi, kuma sanyinsa sai wanda ya shiga. Yawanci a nan mutane ke shantakewa su manta cewa hawa mafi wuya yana gaba, wato na ƙarshe zuwa Die Galg.

Shi ya sa nake cewa ka kwana a sama. Akwai 'yan masaukai a Die Galg da gonakin da ke kusa, kuma na fi son su a kan na cikin gari, don gajiyayye ba ya buƙatar neman mota da magariba. Yawancinsu kai za ka dafa abincinka. Ka kama ɗaki tun da wuri, musamman ƙarshen mako, ka kuma tambaya ko suna da bargo da tukwane, ko za su iya sayo maka cefane. Wani masauki da na taɓa sauka iska ta kwana tana kaɗa taga, bargon kuma siriri, tun daga nan ba na zuwa ba rigar sanyi. Naman halal ka taho da shi daga Cape Town, ya fi kwanciyar hankali.

Sai izini: CapeNature, hukumar da ke kula da gandun dajin yankin, ke bayarwa, kuma suna ƙayyade yawan masu shiga a rana, don haka ka nema kafin ka taso.

Ka tuna lokutansu sun saɓa da namu. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne mai tsanani da haɗarin gobarar daji, Yuni zuwa Agusta kuma ruwa da sanyi, rafi yakan cika. Ni Satumba ko Oktoba na fi so, lokacin furanni. Ka fita bayan sallar asuba, ka riƙe ruwa isasshe da hula, kada ka tafi kai kaɗai don waya ba ta kamawa a cikin kwazazzabon. In kun ci karo da gwaggon biri, ka rufe jakar abinci ka wuce abinka.