Amsa ga ƙanena mai shafin da motsinsa ya rikice bayan ɗorawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na ce bari sai na natsu tukuna, don abin da ka rubuta kamar ka leƙa rayuwata ne ka kwafo. Ka ce ka haɗa shafin intanet da GSAP da ScrollTrigger, wato kayan aikin JavaScript na sa abubuwa su yi motsi a shafi, rubutu da hotuna suna bayyana idan mutum yana gungurawa ƙasa, ga kuma kati mai karkata yana bin linzami. A laftaf ɗinka komai sumul, amma da ka ɗora a hostin, wato sabar da ke ajiye shafi a intanet, sai abubuwa suka riƙa fitowa ba a wurinsu ba, wani sashe ma bai fito ba sam, a waya yana sarƙewa, katin kuma yana karkarwa da zarar linzami ya hau rubutun da ke cikinsa. Wallahi duk huɗun babu wanda ban ɗanɗana ba, ɗaya daga ciki ma ya ci min kuɗi ya ci min mutunci.

Kafin ka taɓa layi ko ɗaya na JavaScript, yi min abu guda. Buɗe shafin, gungura har tsakiya, ka shiga konsol na burauza ka rubuta window.scrollY, lambar da ke nuna nisan da aka gungura. Idan ya ba ka 0 alhali kana tsakiyar shafi, to ka daina zargin GSAP, ba shi da laifi. Ba tagar burauza, wato window, ce ke gungurawa ba, wani akwati ne a cikinta, galibi body ko wani div da ya naɗe komai.

Ga yadda na koyi wannan. Wani Alhaji mai harkar filaye da gidaje ya ba ni aikin shafin kamfaninsa. Lokacin ko laburare irin su GSAP ban yi amfani da shi ba, da hannuna na rubuta: kowane sashe yana farawa da opacity 0, wato ba a ganinsa, ina sauraron gungurawa a kan window, idan sashen ya shigo allo sai in bayyana shi. Na gwada, na nuna masa, ya ji daɗi har ya kira yaransa su gani. Sai ya ce akwai ɗan ƙanwarsa da ya karanta kwamfuta, in ba shi lambobin sirrin hostin don ya riƙa saka hotunan sababbin gidaje. Ni kuma da kunya irin tamu, na miƙa. Kwana biyu kafin taron da zai yi da masu zuba jari, yaron ya lura cewa a waya shafin yana ɗan zamewa gefe. Bai kira ni ba, bai turo saƙo ba. Ya je ya kwafo amsa daga intanet, ya manna wa html da body duka biyun height 100% da overflow-x hidden, mai ɓoye duk abin da ya leƙa gefe, ya kwanta barcinsa.

Ranar taro ina zaune a ƙarshen tebur, an kawo lemo da ruwa. Alhaji ya sa aka haɗa babban allo, ya ce yau za ku ga aikin zamani. Hoton farko ya fito da sunan kamfani. Ya ja ƙasa. Fari fat. Ya ƙara ja, fari. Har ƙarshen shafi babu gida ko ɗaya, babu lambar waya, babu komai sai farin allo kamar an wanke shi. Ɗakin ya yi tsit, wani dattijo ya yi gyaran murya ya fara duba wayarsa. Na ji gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da har yau yake min ciwo ba farin allon ba ne. Yaron nan yana tsaye a bayan kawunsa, ya san abin da ya taɓa, sai ya buɗe baki ya ce, ai dama ya faɗa wa Alhaji aikin ba shi da inganci. A gaban mutane. Ban iya cewa uffan ba, don ni kaina a lokacin ban san me ya faru ba, shekaranjiya na bar abu lafiya. Alhaji ko kallona bai yi ba, ya ce a kashe allon a ci gaba da takarda. Na fito na tsaya a bakin titi na fi minti goma ban tare abin hawa ba. Sauran rabin kuɗina har yau ban gan shi ba, na bar su da Allah. Daga baya na ji an ce yaron ne ya karɓi aikin gaba ɗaya, ya goge motsin duka ya ce shi ya gyara.

Dare uku na yi ina tono kafin na gano. Dalilin kuwa ɗan ƙarami ne. Idan ka sa overflow-x hidden, burauza tana mayar da overflow-y ya zama auto da kanta. Idan html da body duka suna da shi, ga kuma tsayi 100%, sai body ya zama akwatin gungurawa mai zaman kansa. Saƙon gungurawar akwati kuma ba ya hawa sama zuwa window kamar yadda na dannawa yake hawa. Kod ɗina yana can yana jiran saƙon da ba zai taɓa zuwa ba. Irin wannan overflow ɗin a jikin kowane uba ko kaka, wato akwatin da ya naɗe wani a cikinsa, shi ne ke kashe position sticky ma, haka kuma transform a jikin uba yana sa position fixed ya daina manne wa allo. Idan dole sai ka yanke abin da ya leƙa gefe, overflow-x clip ya fi, don shi ba ya haifar da sabon akwatin gungurawa.

Amma laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango na yaron kaɗai ba. Zamewar gefen da ya gani, ni na jawo ta, domin na ajiye hotuna can dama da allo suna jiran su shigo. Babban laifina kuma shi ne na ɓoye kayan shafi a CSS tun kafin in tabbatar JavaScript zai iya fito da su. Kada ka yi haka, ƙanena, ina roƙonka. Bar komai a bayyane, JavaScript ɗin da kansa ya ɓoye idan ya tashi lafiya, sannan ya bayyana. Idan netwok ya yanke a tsakiya, ko mutum yana kan Opera Mini a yanayin matse data inda a sabarsu ake sarrafa shafin kafin ya iso waya, aƙalla zai karanta rubutu ya ga lambar kira. Mutanenmu da yawa a haka suke shiga intanet. Kuma don bayyana abu kawai ba ka buƙatar sauraron gungurawa, IntersectionObserver, mai sanar da kai idan abu ya shigo allo, yana nan a Chrome tun 2016, Safari ta karɓe shi a 2019.

To batun abubuwa su fito ba a wurinsu ba bayan ɗorawa, kusan na rantse hotuna ne. ScrollTrigger yana auna inda kowane motsi zai fara da inda zai ƙare ya ajiye lissafin. A kwamfutarka hoto yana buɗewa nan take. A kan data kuwa, musamman idan ka sa loading lazy mai jinkirta hoto sai an kusa zuwa wurinsa, hoton yana zuwa bayan an gama awo, ya tura komai ƙasa, lissafi ya tashi a banza. Ba wa kowane img width da height tun a HTML don burauza ta keɓe masa wuri. Haka rubutu, idan salon harafin da ka ɗauko daga waje ya makara, tsayin sakin layi yana canzawa, sai ka kira ScrollTrigger.refresh() bayan document.fonts.ready ya cika. Ka kunna markers true ka ga layukan farawa da ƙarewa da idonka, gani ya kori ji. Idan kana da sashe mai pin, wanda ake kafewa a allo ana ci gaba da gungurawa, ƙirƙiri motsin bi da bi daga saman shafi zuwa ƙasa, don pin yana ƙara wa shafi tsayi, na ƙasa da shi dole su san da hakan. Ba ka faɗi ko React kake ba. Idan shi ne, tun daga siga ta 18 StrictMode yana gudanar da useEffect sau biyu lokacin gwaji, sai ka sami motsi biyu suna kokawa a kan abu ɗaya. useGSAP yana share na farkon.

Af, tunda na tuna yaron nan. Kada ka ƙara miƙa wa kowa makullin hostin, ko ɗan sarki ne. Buɗe masa wurin saka hoto kawai. Kuma ka sa aikinka a Git, mai ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa kod, ko da kai kaɗai ne. Da ina da shi a ranar, cikin minti biyu zan nuna wa Alhaji layi biyun da aka ƙara, ba sai na yi dare uku ba. Ka karɓi kaso mai tsoka kafin ka fara, ka rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai ko a WhatsApp ne. Na san ba wannan ka tambaya ba.

Katin da ke karkarwa kuma, ina zargin offsetX kake amfani da shi. Shi offsetX daga gefen abin da linzami yake kai a daidai lokacin yake aunawa. Yana kan kati, lissafi daga gefen kati. Ya hau rubutun ciki, lissafi ya koma daga gefen rubutun, lamba ta yi tsalle, kati ya firgita. Ɗauki clientX ka cire left na getBoundingClientRect, kuma kada ka haɗa shi da pageX ko pageY, waɗannan suna ƙara nisan gungurawa a ciki. Sai wani tarko da ya cinye min yini guda: idan katin da ke karkata shi kake aunawa, awonsa yana canzawa duk lokacin da ya karkata, ka ga kare yana bin jelarsa ke nan. A bakin gefe ma sai ya zame daga ƙarƙashin linzami, mouseleave ya tashi, ya miƙe, ya sake shiga. Sa shi cikin uba wanda ba ya motsi, ka saurari linzami a jikin uban ka auna uban, ɗan ne kawai zai karkata. A waya kuwa babu linzami, kashe abin gaba ɗaya da matchMedia, ka tambayi hover hover da pointer fine.

Sarƙewa a waya ita ce ba ta da magani guda. Allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana ba ka kusan milisakan 16.7 ne ka gama komai na kowane firam. Duk abin da ya taɓa top, left, width ko height yana sa burauza ta sake tsara shafi. Tsaya kan transform da opacity. Inuwa mai motsi da blur suna da kyau a laftaf, a ƙaramar waya mai RAM 2GB azaba ne. Kada ka karanta awo, ka rubuta salo, ka sake karanta awo a cikin zagaye ɗaya, karanta duka tukuna sannan ka rubuta. A cikin mousemove ajiye lambobin kawai, requestAnimationFrame ya yi zanen. Shi kuma will-change, mai gaya wa burauza cewa abu zai yi motsi, na taɓa zuba shi a kan abu sama da talatin ina ganin dabara ce, ashe kowanne yana cin nasa wurin a ƙwaƙwalwar waya, abin ya ƙara lalacewa. Idan ka ga shafi yana tsalle daidai lokacin da sandar adireshi ta ɓuya, tsayin allo ne ya canza aka sake awo, duba ignoreMobileResize a ScrollTrigger.config, ka kuma gwada svh a maimakon vh. background-attachment fixed kuma kada ka dogara da shi a iPhone.

Ni yanzu akwai wata tsohuwar waya da na saya hannu na biyu a Farm Centre, fuskarta a tsage, tana cikin durowa don wannan aikin kawai. In haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB, in buɗe chrome://inspect, in ga abin da take fama da shi. Kafin ka samu irinta, shiga Performance a DevTools ka rage ƙarfin CPU sau 4 ko 6, ka mayar da netwok a hankali. Ranar da na fara yin haka na ji kunyar ayyukan da na riga na miƙa wa mutane. Kuma ka mutunta prefers-reduced-motion, saitin da mutum ke neman a rage masa motsi da shi, akwai waɗanda irin wannan shawagin yake sa wa jiri da gaske, yayata ɗaya haka take, ko bidiyo mai girgiza ba ta iya kallo.

Wani zai zo ya ce maka ka bar JavaScript ka koma animation-timeline na CSS. Yana da kyau, Chrome ta kawo shi a siga ta 115 cikin 2023, ina amfani da shi a ƙananan abubuwa. Amma wayoyin da ba a sabunta burauzarsu ba suna da yawa a hannun mutane, sai ka naɗe shi cikin @supports, kuma shi ma overflow hidden a jikin uba yana rikita shi, don akwatin gungurawa mafi kusa yake bi.

Turo mana CSS ɗin html da body da na babban div ɗinka, da lambar da scrollY ya ba ka, da sunan wayar da ka gwada a kai. Idan akwai Lenis ko Locomotive Scroll, masu sa gungurawa ta yi santsi, a ciki ka faɗa, don wannan wani zance ne daban. Zan leƙo bayan sallar isha'i in Allah ya kai mu, in wuta ta bari.