Tambaya da Amsa: Sai na karanta Poe kafin masu bin sahunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayata ta ba ni aron wani littafin Turanci mai gajerun labaran ban tsoro guda 19, wanda Ellen Datlow ta tattara a 2009 don karrama marubucin nan na Amurka, Edgar Allan Poe. Wasu sun razana ni, wasu kuwa ban gane inda suka dosa ba. Ban taɓa karanta Poe ba. Dole ne sai na fara da shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba dole ba ne, amma don Allah ki ajiye littafin tukuna, ki nemi labaran Poe ko da uku. Gajeru ne, kuma kyauta suke a intanet, tunda mutumin ya rasu a Baltimore ta Amurka tun 1849, yana da shekara 40. An haife shi a 1809, shi ya sa aka fitar da littafin nan a cikarsa shekara 200.

Ki fara da The Tell-Tale Heart na 1843. Babu fatalwa a cikinsa. Wani mutum ne ke ta rantse-rantse cewa hankalinsa ƙalau, alhali yana ba mu labarin yadda ya kashe wani tsoho saboda idonsa kawai, ido mai yana irin na ungulu. Dare bakwai yana tura kai ta ƙofar ɗakin tsohon da fitila a rufe, yana sakin haske siriri a kan idon. A na takwas ya aikata, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon daɓe. 'Yan sanda na zaune suna hira, shi kuwa yana jin bugun zuciya na ƙara ƙarfi a kunnensa, har ya tona wa kansa asiri. Ni dai a ganina gadon Poe ke nan: mai ba ki labarin shi ne abin tsoron.

Daga nan sai The Black Cat da The Cask of Amontillado, inda ake gine mutum cikin bango.

Da kin koma littafinki, kada ki tsaya neman hankaka da tsofaffin gidaje irin waɗanda aka san rubuce-rubucen Poe da su. Marubuci na ƙwarai ba kayan Poe yake ara ya saka ba. Ki duba wane ne ke magana, me yake ɓoyewa. Kuma ki riƙa karanta kowane labari a zama ɗaya, haka Poe ya ce a yi wa gajeren labari tun 1842.