Yayana ya bar min kasonsa na gida a Bronx, takardar hannunsa ta isa?

Tambaya: Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi gida a Bronx. Ya koma Kano da zama, kafin ya tafi ya rubuta cewa ya bar min kasonsa, ya sa hannu a gaban mutum biyu. Shi ke nan gida ya zama nawa?

Amsa: Ɗan'uwa, tsakaninka da yayanka magana ta ƙare, amma a wurin hukuma sunansa na nan kan gidan. A Amurka ana rajistar takardun fili da gida ne a ofishin gundumar da gidan yake. Na Bronx, da ke birnin New York, ana kiransa City Register, kuma duk abin da aka shigar yana fitowa a shafinsu na intanet mai suna ACRIS. Ka shiga yau ka duba da adireshin gidan, kyauta ne.

Dokar jihar New York ta fifita wanda ya sayi kason daga hannun yayanka da gaskiya, bai san da kai ba, ya kuma riga ka rajista. Ban ce yayanka zai ci amana ba. Amma in ana bin sa bashi, kotu na iya ɗora bashin a kan kasonsa, in kuma Allah ya yi masa rasuwa, magadansa za ka fuskanta da takardar da ofis bai san da ita ba.

Sai an rubuta sabuwar takardar mallaka. Sunayenku su zo daidai da yadda suke a tsohuwar, harafi da harafi. Nan mutanenmu suka fi tuntuɓe: Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, sai a dawo da takarda ko a bar matsala har ranar sayarwa. Adireshi kaɗai bai wadatar ba, dole a kwafo cikakken bayanin iyakokin fili daga tsohuwar takarda, tare da lambar bulok da ta lot, wato lambobin da hukumar birni ke gane fili da su.

Shaidu biyu ba sa maye gurbin notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da sa hannu. Tunda yana Najeriya, ya nemi lokaci a ofishin jakadancin Amurka na Abuja ko na Legas, ya sa hannu a gaban jami'insu, dala 50 kowane hatimi. Kada ya sa hannu tun daga gida. Akwai kuma fom na harajin canjin mallaka, TP-584-NYC da NYC-RPT da RP-5217NYC, ana cika su ta ACRIS ko da kyauta ce ba ciniki ba, kuma su ma suna buƙatar sa hannunsa. A aika masa duka a tafiya ɗaya.

Kafin komai, in akwai bashin banki a kan gidan, ka nemi izininsu a rubuce. Yawancin yarjejeniyoyi sun ba banki damar neman kuɗinsa gaba ɗaya in mallaka ta canza. Dokar tarayya ta 1982 ta kare wanda ya ba matarsa ko 'ya'yansa, ba ta kare kyauta tsakanin wa da ƙani masu rai ba. In kuma yayanka ba ɗan ƙasar Amurka ba ne kuma ya bar ƙasar, kyautar da ta haura dala 19,000, bisa ƙa'idar 2025, tana iya jawo masa haraji.

Ofishin rajista ba ya duba ingancin abin da ka kai, tsari kawai yake dubawa. Don haka lauyan gidaje ya rubuta takardar, kamfanin binciken mallaka ya duba ko akwai bashi a kan kason yayanka, sannan a shigar. Idan ta fito a ACRIS da sunanka kai kaɗai, ka yi rajistar saƙon gargaɗi na kyauta da ke sanar da kai duk lokacin da aka shigar da wata takarda a kan gidan.