Kuɗin Ƙofa, Liƙi da Lasifika: Amsoshin Tambayoyinku kan Wasan Kwaikwayon Unguwa

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: Ƙanena yana cikin wata ƙungiyar dirama ta matasan unguwarmu. Za su yi wasa bayan sallah a filin firamare, tikiti naira 500. Ya ce zai shigar da ni da iyalina kyauta. Ni kuma na ga gara in karɓa, in ya so idan ya fito in tashi in yi masa liƙi. Wanne ya fi?

Malam, sayi tikitin, kai da duk wanda za ka je da shi. Ƙanenka kara ya yi maka, kai ma sai ka yi masa taka karar ta hanyar tsayawa a bakin ƙofa ka biya kowa yana gani. Kuɗin ƙofar nan da su ake biyan hayar kujeru da rumfa, da man janareta, da mai kayan sauti, da kuɗin motar 'yan wasan da ke zuwa daga nesa, har da ruwan ledar da suka sha a makonnin da suka yi suna gwaji. Idan kowane ɗan wasa ya shigo da mutum biyar ko shida kyauta, fili zai cika maƙil, a yi ta tafi, washegari kuma shugaban ƙungiya ya shiga neman rancen da zai sallami mai kujeru. Ƙungiyoyi da dama a haka suke mutuwa, alhali ba su rasa masu kallo ba.

Biyan mai wasa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan azumi ya kai goma yara suka fito tashe, ba a sallamarsu hannu rabbana. Uwargida takan ɗebo gero ko dawa, maigida ya laluba aljihu. Tikiti shi ne wannan hatsin, sai dai an yanka masa farashi.

Liƙi kuma ina da magana a kansa. Mutum ɗaya yake samu, kuma galibi wanda ya fito a jarumi ko mai ban dariya. Wanda ya fito a mugun kawu, da yarinyar da ta haddace layi uku ta faɗe su daidai, da yaron da ke jan labule, ba mai tunawa da su. Sannan idan ka hau dandamali ana tsakiyar wasa, misali ana shari'a a gaban alƙali, ka tsinke wa 'yan wasa zare, ka kuma tare wa na baya. Idan kana da abin da ya wuce kuɗin tikiti, jira a tashi, ka nemi ma'ajin ƙungiya ka danƙa masa a gaban shugabansu. Ƙanenka kuwa ka yi masa tasa kyautar a gida.

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Damagaram: Mun yi karo-karo mun tara 'yan kuɗi, amma kanmu ya rabu. Wasu na son kyamara don mu riƙa sa wasanninmu a intanet, wasu na son a ɗinka kayan sawa, wasu kuma lasifika. Jama'a na zuwa kallonmu, sai dai kafin a kai rabi na baya sun fara hira suna watsewa. Me za mu saya?

Ɗan'uwa, amsar tana cikin ƙarshen wasiƙarka. Na baya suna watsewa ne saboda ba sa ji. Bahaushe da kunne yake kallon wasa: karin maganar da tsohuwa ta jefa, da habaicin kishiya, da baƙar maganar da ɗan aike ya mayar, su ne abin da zai tafi da shi gida yana maimaitawa. Zai yafe muku rawanin da ya karkace, amma ba zai zauna awa biyu yana kallon baki na motsi ba. Saboda haka sauti ne farko.

Kafin ku saya, ku yi haya sau ɗaya ko biyu, ku ga abin da ya dace da filinku. Ranar saye kada ku yarda da gwajin cikin shago, domin a ɗan ƙaramin ɗaki kowace lasifika tana da murya. A fito da ita waje, mutum ɗaya ya yi magana irin ta wasa, har da raɗa da kuka, wani ya ja da baya kamar nisan layin ƙarshe na masu kallonku ya saurara. Da magana za a gwada, ba da kiɗa ba, don akwai wadda ke girgiza ƙasa da ganga amma kalmomi su fito a cakuɗe. Ku fi karkata ga mai caji, ku tambayi awa nawa take riƙewa da kuma ko ana samun batirinta a kasuwarku idan ya mutu. Idan dole sai da janareta, ku sayi doguwar waya ku kai shi bayan katanga.

Makirufo na hannu ya fi araha da ƙarko, amma yana ɗaure hannun ɗan wasa, kuma babu abin da ke kashe faɗan miji da mata kamar a ga suna miƙa wa juna abin magana. Na maƙalawa a wuyan riga ya fi dacewa da wasa, sai dai yana cin batir kuma ba ya jure wulaƙanci. In kuɗin ba su kai ba, ku kafa biyu ko uku a kan sanda a gaban dandamali, 'yan wasa su koyi matsowa kusa da su. Lasifikar kuma ta kasance gaba da makirufo tana fuskantar jama'a, in ba haka ba, za ta riƙa yin wannan ƙarar mai huda kunne.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko dala: ku matso da mutane. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, gidan wasan da aka gina da jar ƙasa a shekarun 1970 buɗaɗɗe ne, an yi shi da fasalin gidan Bahaushe, masu kallo na dab da 'yan wasa. Daga can ne malamai da ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyuka irin su Bomo suna wasa a tsakiyar jama'a. Ku shimfiɗa tabarmi a gaba don yara, kujeru su zagaye ku ta gefe uku, bango yana bayanku don ya maido da murya.

Kayan sawa ku ara. Babbar riga da rawani da zane ba sa wuya a unguwa, kuma ku 'yan Damagaram ai ku ne masu wasan kara, inda ake ƙera tabarau da bindiga da sauran kayan manya da karan hatsi, a kwaikwayi masu mulki jama'a na shewa. Kakin soja ko na ɗan sanda ne kawai zan ce kada ku sa sai kun nemi izinin hukuma.

Kyamara ta jira. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta daɗe tana wasan dandamali da na talabijin kafin ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa daga kansa. Sun ƙware a gaban mutane tukuna. A yanzu waya mai kyau da abin kafa ta sun ishe ku, kuma ko a bidiyon ma sauti ne ke sa mutum ya tsaya ko ya wuce.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Yarana uku sun matsa sai na saya musu tikitin wani wasa da ɗaliban wata sakandare za su yi. Ina tsoron abin da za su gani da kuma cunkoso.

Hajiya, tambayi masu shiryawa labarin me za a yi, ƙarfe nawa za a tashi, kuma ko an ware wa mata da yara wuri. Masu shirin kirki ba sa jin haushin wannan tambaya. Idan na yamma ne da za a gama kafin magariba, saya har da naki, ki zauna tare da su. A hanyar dawowa ki tambaye su wa ya yi daidai a labarin, wa ya yi kuskure. Za ki ji abin da ba su taɓa faɗa miki ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Katsina: Na biya na kalli wasan abokaina, gaskiya bai yi mini daɗi ba. Sun tambaye ni na ce ya yi kyau. Ga shi za su sake wani. In sake saye?

Sake saye, amma wannan karon ka je musu da gaskiya tun kafin ranar. "Ya yi kyau" ba ta gyara komai. Ka ce musu an makara da awa guda har dattawa suka tafi, ko fitowa ta biyu ta yi tsawo, ko wance tana juya wa jama'a baya idan tana magana. Ka haɗa da abin da ya burge ka, ka ambaci wurin da ka yi dariya da wanda jikinka ya yi sanyi, don su san abin da za su riƙe. A keɓe za ka faɗa, bayan kwana ɗaya ko biyu, ba a daren da suka sauko suna haki ba.

Ranar wasan kuma ka zauna a gaba ka sa wayarka a aljihu. Dariya da salati da "Allah ya isa" da ake jefa wa mugu duk suna ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, yana jin su har cikin ransa. Abin da ke karya masa gwiwa shi ne ya ɗaga ido ya ga layin gaba kowa ya ɗaga waya, ko wani na amsa kira da ƙarfi. Idan kana son ɗaukar wani yanki ka yaɗa, nemi izininsu tukuna, musamman da yake akwai 'yan mata a ciki waɗanda iyayensu suka yarda su yi wasa a unguwa amma ba su yarda a sa su a TikTok ba.