Amsa: jakar goyo da ke cin kafaɗa

Ɗan'uwa, ka ce kun taka da ƙafa daga Damagaram zuwa Mirya, ka dawo igiyar jaka ta gurje maka kafaɗu har yatsunka na yin sanyi. Ina kyautata zaton kafaɗa ka bar wa kayan duka.

Dubi yadda mace ke goyo: yaro manne da baya, majanyi ya kama shi. Jakar ma haka take so. Sassauta igiyoyin gaba ɗaya kafin ka saɓa. Fara ɗaure ɗamarar ƙugu, soson nata ya hau kan ƙashin ƙugu daidai, ka ja ta kama sosai, don nan ne mafi yawan nauyi zai zauna. Sannan ka ja na kafaɗa har jakar ta manne, ka tsaya nan. In yatsa ba ya shiga ƙarƙashinsu, ka matse da yawa, kuma shi ke kawo sanyin hannun nan. 'Yar igiyar ƙirji kuwa ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, kada ta hana ka numfashi.

Sai shirin kaya. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ga zafin garinmu ba ya barin mutum ya ɗauki kaɗan. Sa gorunan a tsakiya, jikin bayanka. Kada nauyin duka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka.

Tawa da soson ya mutu, baduku na kai wa ya ƙara mini wani. Amma in ɗamarar ba ta kai ƙugunka ko ka saki igiyoyi, jakar ce ta yi maka gajarta, sai dai canji.